HAYAƘIN TABA A CIKIN GIDA: ABIN DA YA CI KARE BA YA BARIN YARO

Jawabin da aka gabatar a gaban ƴan kasuwa da ma'aikata a Ɗan Kassari

 

Maganar da za a yi yau, wanda ya ji kanta daga nesa yana iya yin dariya. Zai ce a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kwashe yara kowace damina, a ƙasar da mai gida ke kwana yana lissafin damman da suka rage a rumbu, wa ke da sukunin tara mutane a kan lafiyar kare? Tambayar tana bisa hanya, kuma za a amsa ta. Amma kafin nan ya kamata a tuna cewa a ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Lugu da Bagaji zuwa Tibiri, kare ma'aikaci ne. Shi ke kwana a bakin garke yana tsare awaki daga dila da ɓarawo, shi ke gadin shago bayan kasuwa ta watse, shi ke gaba in mafarauta sun fita daji da rani. Malamai kuma sun san cewa shari'a ta yarda a riƙe kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma sanannen hadisi ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya riƙe dabba, amanarta tana wuyansa.

Abin da ke cikin hayaƙin

Mai shan sigari yakan ɗauka cewa abin da ya zuƙa, cikinsa ya shiga, ya zama matsalarsa shi kaɗai. Gaskiyar ta saɓa wa haka. Karan sigari na fitar da hayaƙi ta hanya biyu: wanda mai sha ya zuƙa ya fesar, da wanda ke tashi daga bakin karan yana ci shi kaɗai tsakanin zuƙa da zuƙa. Wannan na biyu bai bi ta audugar da ke gindin sigari ba, kuma da yake wutarsa ba ta kai zafin ta lokacin zuƙa ba, wasu daga cikin gubobinsa sun fi yawa. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2010 ya ce hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji, wato sankara.

Akwai kuma hanya ta uku wadda ido ba ya gani. Bayan hayaƙi ya baje an daina ganinsa, ƙwayoyinsa masu danƙo sukan sauka su manne a tabarma, da bargo, da labule, da bango, da ƙurar daɓe, da tufafin mai sha. Suna iya yin makonni har watanni a nan. Masana sun fara jawo hankalin jama'a sosai a kan wannan saura tun daga 2009. To, a nan ne kare ya fi mutum shiga haɗari. Baligi yana tsaye ko yana zaune bisa kujera, hancinsa na nesa da ƙasa. Kare kuwa hancinsa a ƙasa yake wuni, yana sansanar tabarma, yana kwanciya a ƙafar ubangidansa, kuma abin da ya manne a gashinsa da harshe yake lashe shi. Ta hanci yake shaƙa, ta baki yake haɗiya.

Shaidar masu bincike

Kare ya daɗe yana ba da shaida a shari'ar taba. A cikin 1970 wani likita Ba'amurke, Oscar Auerbach, tare da abokin aikinsa Cuyler Hammond, sun bayyana sakamakon gwajin da suka yi da wasu ƙananan karnukan farauta da ake kira bigul, waɗanda aka sa su zuƙar sigari kullum ta wata kafa da aka huda a maƙogwaronsu. Huhun karnukan ya lalace irin lalacewar da ake gani ga mashaya taba, wasu kuma ƙari ya fito musu a huhu. Kamfanonin taba sun tashi haiƙan suna ƙaryata aikin a jaridu, domin har lokacin suna musun cewa hajarsu na kisa. Gwajin ya yi tsanani ga dabbobin, amma ya nuna cewa huhun kare ba ya da wani maganin da ya fi na mutum.

Waɗancan karnuka dole aka yi musu. Tambayar da ta rage ita ce ta karen da ke zaune kawai a gidan mai sha. Wani malamin likitancin dabbobi a jami'ar jihar Kolorado ta Amurka, John Reif, shi ya ɗauki wannan aiki. A cikin 1992 ya gwada karnuka 51 masu ciwon dajin huhu da wasu 83 masu ciwon daji a wasu sassan jiki, ya binciki ko akwai mai shan taba a gidajensu. Ya tarar haɗarin ciwon huhu ya ɗan ƙaru a gidan mashaya, kuma ƙaruwar ta fi bayyana ga karnuka masu gajeren hanci da matsakaici. A cikin 1998 ya sake wani binciken da karnuka 103 masu ciwon dajin hanci da wasu 378, sai ya tarar da ɗaya ɓangaren labarin: karnuka masu dogon hanci da ke zaune da mai shan taba, haɗarin ciwon dajin hanci gare su ya kai kusan ninki biyu.

Dalilin wannan bambanci yana cikin halittar hancin. A cikin dogon hanci akwai siraran ƙasusuwa masu naɗe-naɗe, lulluɓe da fata mai damshi, waɗanda ke aiki kamar rariya. Su ke tare ƙura da ƙwayoyin hayaƙi kafin iska ta kai huhu. Rariyar tana kare huhu, amma ita ke tara dafin, shekara da shekaru, har ciwo ya tsiro a wurin. Kare mai gajeren hanci rariyarsa ƙarama ce, sai dafin ya wuce kai tsaye zuwa huhu. Duk wanda ya dubi karnukan ƙauyukan Arewa, da na makiyaya, da siririn karen nan mai dogayen ƙafafu da duniya ta sani da sunan Azawak, ya san a wane rukuni suke. Dogon hancin da ke gano zomo a cikin sabara shi ne wanda hayaƙin sigari ya fi yi wa illa.

Wasu bincike sun biyo baya. A ƙasar Barazil, a cikin 2007, likitoci sun auna ƙananan karnuka 30, rabinsu daga gidajen mashaya. A fitsarin na gidan mashaya an sami kotinin, wato abin da nikotin ke komawa bayan hanta ta sarrafa shi, an kuma sami alamun baƙin hayaƙi a ruwan da aka wanko daga hanyoyin numfashinsu. A jami'ar Gilasgo ta Birtaniya, Clare Knottenbelt da abokan aikinta sun nuna a cikin 2012 cewa ana iya auna nikotin a gashin kare, kuma yawansa na bin yawan hayaƙin da ake sha a gidan. A jami'ar Purdue ta Amurka kuma, Deborah Knapp ta bi karnuka 120 na wani iri ɗan ƙasar Sikotilan har shekara uku, kuma sakamakon da aka bayyana a farkon 2024 ya nuna cewa waɗanda ke shaƙar hayaƙin sigari sun fi sauran kamuwa da ciwon dajin mafitsara har kusan ninki shida. Wannan iri dama yana da gadon ciwon, amma hayaƙin ya ƙara masa wuta. Hikimar ita ce, dafin da ya shiga jini ƙoda ce ke tace shi, fitsari ya ɗauke shi ya ajiye a mafitsara. Kyanwa ma ba ta tsira ba: wani bincike na 2002 a jihar Masacusets ya tarar da cewa kyanwoyin gidan mashaya sun fi sauran kamuwa da ciwon dajin kaluluwa fiye da ninki biyu.

Adalci ya sa a faɗi iyakar wannan shaida. Yawan dabbobin da aka auna ba shi da yawa, kuma karnukan Turai da Amurka a cikin ɗaki suke kwana, tagogi a rufe, wani lokaci bisa gadon mai gida. Karen Ɗan Kassari a tsakar gida yake, ko a ƙofar zaure, inda iska ke kaɗawa, don haka rabonsa na hayaƙi bai kai na wancan ba. Sai dai binciken da aka ambata hanya ɗaya suka nuna, kuma akwai wurare da lokuta a nan ƙasar da halin ya yi kama da na can.

Inda haɗarin yake a nan

Na farko shi ne lokacin hunturu. A watannin Disamba da Janairu, in sanyi ya sauko, ana rufe ƙofa da taga, a toshe kafofi da tsumma, a hura wuta a kasko. Majalisar da ke zama ƙarƙashin bishiya sai ta koma zaure, shayi na dahuwa, sigari na zagayawa, karen gida kuma ya lallaɓo ya kwanta kusa da wuta. Hayaƙin itace da gawayi da kansa cuta ne ga huhu, ƙurar hunturu ma haka, sai ga na taba ya zama na uku. Na biyu shi ne ɗakin mai gadi. Duk ɗan kasuwar da ke da shago ko ma'ajiyar hatsi a bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Dogon Dutsi da Ɗan Kassari ta nufi Birnin Ƙonni ya san yadda mai gadi ke raba dare: ƴar bukka, da shayi, da sigari don korar barci, da kare a gefensa. Na uku shi ne gidajen ma'aikata na siminti, masu ƙofar ƙarfe da tagar gilashi, inda hayaƙi ba ya samun mafita kamar a ɗakin kara. A manyan garuruwa kuma samari sun ƙaro shisha, wadda zama ɗaya nata ke cika ɗaki da hayaƙin taba haɗe da na gawayi. Maƙwabciyar ƙasa Mali ta kai ga haramta ta a cikin 2022.

Alamun da mai kare zai lura da su sun haɗa da tari mai daɗewa, da atishawa ba ƙaƙƙautawa, da idanu masu ja da hawaye, da saurin gajiya ga karen da a da ke wuni yana gudu. In majina ko jini na fita ta kafar hanci ɗaya tsawon makonni, ko fuska ta kumbura gefe guda, ko numfashi ya koma da ƙara, to lamarin ya wuce mura, sai a nemi ma'aikacin kiwo. Ciwon dajin hanci in ya bayyana, maganinsa sai manyan asibitocin dabbobi na ƙasashen waje masu na'urar gashi, abin da ya fi ƙarfin mai kare a karkara. Rigakafi a nan shi kaɗai ne maganin da talaka ke iya saye.

Gubar da ke kashewa cikin sa'a guda

Ciwon daji shekaru yake ɗauka. Akwai wata illa da ba ta jira, kuma ita ta fi kusa da gidajen wannan ƙasa, wato cin tabar kanta. Nikotin guba ce mai ƙarfi, har an daɗe ana amfani da ita a matsayin maganin ƙwari a gonaki. Karan sigari ɗaya na ɗauke da kimanin miligiram 10 ko fiye, abin da mai sha ke samu a jininsa kuwa bai wuce 1 ko 2 ba. Sauran wuta ta ƙone, wani kuma ya taru a guntun da aka yar. Likitocin dabbobi sun nuna cewa miligiram 1 kan kowane kilo na nauyin kare ya isa ya fara nuna alamun guba, kusan 9 kan kowane kilo kuma na iya kisa. Kwikwiyo mai kilo 2 ko 3, wanda ba abin da ba ya kai wa baki, in ya tauna guntaye kaɗan ko ya sami ƙunshin garin taba da kanwa da aka bari bisa tabarma, ya shiga haɗari. Haka ruwan da aka jiƙa guntayen sigari a gwangwani. Haka kuma al'adar da wasu ke yi ta jiƙa ganyen taba su wanke dabba da ruwan don kashe kaska da ƙuma: ƙwarin na mutuwa, amma nikotin na ratsa fata, kare kuma yana lasar jikinsa.

Alamun sukan fara cikin sa'a guda: dalalar miyau, amai, zawo, rawar jiki, bugun zuciya da sauri, tangaɗi, daga baya farfaɗiya da shanyewar numfashi. A nan akwai gargaɗi mai nauyi. Dalalar miyau da tangaɗi suna cikin alamun haukan kare ma, ciwon da in ya bayyana ga mutum ba a tashi. Saboda haka kada kowa ya sa hannu a bakin kare mai dalala, kada a bar yara su matso, kada a yi masa ɗure. A tsare shi wuri guda a kira ma'aikacin kiwo, a gaya masa ko an ga taba kusa da ko an yi wa karen allurar hauka. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar, ba tare da jiran ganin yadda karen zai ƙare ba.

Amsar tambayar farko

Yanzu a koma ga mai cewa ina ruwan mutane da kare. A cikin gida akwai wani mai rai da ke rayuwa daidai inda kare ke rayuwa: yana rarrafe bisa tabarma, hancinsa kusa da ƙasa, yana kai duk abin da ya tsinta baki, numfashinsa ya fi na baligi sauri, kuma ba ya iya cewa a kashe sigari. Shi ne jariri. Abin da aka auna a gashin kare da fitsarinsa, an auna irinsa a gashin yaran mashaya da fitsarinsu. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Tun 1981 wani masani ɗan ƙasar Japan, Takeshi Hirayama, ya nuna cewa matan da ba su taɓa shan taba ba amma mazajensu na sha sun fi sauran mata kamuwa da ciwon dajin huhu. A cikin 2006 babban likitan gwamnatin Amurka ya bayyana cewa babu wani ɗan ƙaramin adadi na hayaƙin wani da za a ce ba ya cutarwa, kuma buɗe taga ko ware gefe ɗaya na ɗaki ba ya kawar da haɗarin. Ga yara, hayaƙin na ƙara ciwon huhu, da ciwon kunne, da tashin fuka, da mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci. A cikin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taba na kashe mutum fiye da miliyan 8 a shekara, kuma kimanin miliyan 1.3 daga cikinsu ba su sha ba, na wasu suka shaƙa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a sha'anin taba ruwan har da na kusa da shi yake dokewa.

Doka da ƙofar gida

Nijar ba ta rasa doka ba. Ƙasashen duniya sun amince da yarjejeniyar yaƙi da taba a Janiba cikin watan Mayu na 2003, ta fara aiki ranar 27 ga Fabrairu 2005, Nijar kuma ta tabbatar da ita a cikin Agusta na wannan shekarar. Yarjejeniyar ta ɗora wa ƙasashe nauyin kare jama'a daga hayaƙi, da hana talla, da hana sayar wa yara. Daga nan aka kafa doka mai lamba 2006-12 ta ranar 15 ga Mayu 2006, wadda ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a da wuraren aiki da motocin haya, ta hana tallarta, ta kuma hana sayar da ita a makarantu da asibitoci da ma'aikatu. Dokar zartarwa ta biyo baya a 2008. Ƙungiyar farar hula ta SOS Tabagisme-Niger, ƙarƙashin Inoussa Saouna, na cikin waɗanda suka yi fafutuka a kan wannan al'amari.

Rubuta doka daban, aiki da ita daban. Ma'aikacin da ke kunna sigari a ofis alhali talakawa na layi a gabansa, da wane baki zai gaya wa direban tasha ya kashe nasa? Mai tebur da ke miƙa wa yaro kara ɗaya don an ce aike ne, ya san hannun da karan zai ƙare? A shekarun baya ƙasar nan ta daɗe tana zama mashigar sigarin da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano a wuce da shi Najeriya ko a haura da shi Agadas zuwa Libiya, kuma baitulmali ya ci kuɗin fito a kai. Ya kamata mahukunta su riƙa ɗora wannan kuɗi a sikeli ɗaya da abin da iyalai ke kashewa a kan tari da ciwon huhu, su faɗa wa jama'a wanne ya rinjaya.

Amma ko da an bi dokar ɗari bisa ɗari, iyakarta ƙofar gida. Babu jandarman da zai shiga zaure ya ƙwace sigari, kuma ba a fatan a kai ga haka. A cikin gida mai gida shi ne majalisa, shi ne alƙali. Abin da ake nema gare shi kaɗan ne. Wanda bai iya bari ba tukuna, ya fita fili nesa da ƙofa da taga, musamman da hunturu. Ya wanke hannu kafin ya ɗauki yaro ko ya shafa dabba. Ya tara guntaye a gwangwani mai murfi, ya rataye garin taba inda kwikwiyo da mai rarrafe ba sa kaiwa. A riƙa shanya tabarmi da barguna a rana ana wankewa. Ɗan kasuwa ya yi wa karen gadi makwanci a wajen bukkar mai gadi. Maganin kaska kuma a nemo shi wurin ma'aikatan kiwo, a haɗa da allurar hauka a tafiya ɗaya.

A cikin 2009 wasu masu bincike a birnin Ditroit na Amurka sun tambayi dubban masu dabbobi, sai kusan kashi 28 cikin ɗari na mashayan cikinsu suka ce in sun san hayaƙin na cutar da dabbarsu za su yi ƙoƙarin barin taba. Mutanen da gargaɗin likita a kan ransu bai girgiza ba, tausayin kare ya girgiza su. Mutumin Arewa yana da dalilin da ya fi wannan ƙarfi, domin a tabarmar da karensa ke sansana ɗansa ke rarrafe. Ranar 31 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da taba ta duniya, amma mai gidan da ya gamsu ba ya bukatar jiran ta; majalisar daren yau ta isa a fara.